Kujerar Gefen Kyamara

A gidanmu Baba Ƙarami muke ce masa, domin shi ne autan su babanmu. A wurin aiki kuwa Mai Amsa suke kiransa, tun daga masu shara har daraktoci. Shekara ashirin da shida ke nan yana amsa wannan suna, amma har yau in aka kira shi da shi sai ka ga gefen bakinsa ya motsa, kamar wanda ya tauna tsakuwa a cikin abinci.

Ga yadda aikin nasa yake. Idan kamfanin shirya fim zai ɗauki 'yan wasa, sai a tara masu nema a yi musu gwaji ɗaya bayan ɗaya. Mai nema zai tsaya gaban kyamara ya yi nasa ɓangaren, to amma mutum ba ya hira shi kaɗai, dole a samu wanda zai zauna a gefe, inda kyamara ba ta kamawa, ya riƙe takarda yana karanta maganar ɗaya mutumin. Baba Ƙarami ke nan. Ya yi uwa, ya yi budurwa, ya yi ɗan sanda, ya yi kaka mai ciwon gwiwa, duk daga kan wata farar kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta guda da waya. Yawancin jaruman da ake gani a talabijin suna kuka ko suna daka tsawa, in dai ta benen wannan kamfani suka bi, da muryarsa suka fara.

Ba wannan kujera ya fita nema ba. Su biyu suka taso a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa, shi da abokinsa Siriri. Yanzu kam tumbin Siriri kan riga shi shiga ɗaki, amma sunan ya ƙi sakinsa. A wancan lokaci kowa ya san wanda ya iya a cikinsu. Baba Ƙarami karatu biyu yake yi wa takarda ta zauna masa a ka. Siriri kuwa sai ya yi mako yana fama da layi huɗu, in ya hau dandamali ya kafa wa ƙasa ido kamar ya yar da allura. Baba Ƙarami ne ya riƙa zaunar da shi a bayan shagon wani kafinta yana gyara shi.

"Kai matsalarka ba ka jin mutum," yakan ce masa. "Jira kawai kake ya rufe baki ka zubo naka. Saurare ni tukuna. In ka ji abin da na faɗa da gaske, amsar da ƙafarta za ta zo."

Ranar da suka je gwajinsu na farko, takalmin Baba Ƙarami ne a ƙafar Siriri. Aka yi rashin sa'a mai karanta wa mutane bai zo ba, an ce matarsa na naƙuda. Darakta ya leƙo baranda ya ce, "Wa ya iya karatu a cikinku?" Baba Ƙarami ya yi wuf ya ɗaga hannu, a zatonsa hanyar da za a lura da shi ce ta samu. Aka ba shi kujera, aka fara da Siriri. Ya karanta masa maganar uwa da ke sallamar ɗanta, ya zuba duk abin da Allah ya ba shi, har Siriri ya manta da kyamara ya fashe da kuka na gaske. Darakta ya miƙe tsaye. Ya rungume Siriri, sannan ya waiwayo ya ce wa Baba Ƙarami, "Kai, kada ka tashi, yi wa sauran ma." Mutum talatin da ɗaya ya karanta wa a ranar. Da layi ya ƙare, ya ce saura shi, aka ce masa lokaci ya tafi, ya dawo gobe. Da ya dawo goben, takarda aka sake miƙa masa.

Ba wai bai taɓa fitowa a fim ba. Ya fito mai gadi sau goma sha huɗu. Ya fito likitan nan da ke fitowa daga ɗaki ya cire tabarau ya girgiza kai. Sau ɗaya ya fito gawa, muka taru gida guda gaban talabijin, ashe ƙafafu kawai aka nuna. Kakarmu ta tafa hannu ta ce, "Wallahi ƙafar autana ce, ga tabon da keke ya ji masa!" Kowa ya yi dariya, har da shi. Amma daga ranar, in ana kallo a falo, tsakar gida yake komawa.

Akwai wani littafin rubutu mai shuɗin bango da yake ajiyewa a aljihun jakarsa. Da takardunsa suka fara zubewa ya ba ni in kwafe masa, shi ya sa na san abin da ke ciki. Shawarwari ne da ya tara daga kallon ɗaruruwan matasa suna shiga ɗakin gwaji suna fita. Kada ka zo gwaji da sabon takalmi, hankalinka ƙafa zai koma. Ka ci abinci kafin ka fito, yunwa ba ta sa ka yi kama da mai baƙin ciki, kama da mayunwaci take sa ka yi. In ka manta layi kada ka kalli rufi, ba a can aka rubuta shi ba, kalli wanda ke gabanka. Ka gaida mai riƙe fitila kamar yadda kake gaida darakta. In ba a ɗauke ka ba, ba lallai ne don ba ka iya ba, wataƙila ka fi wanda zai fito babanka tsawo ne. Ka tambayi ranar gwaji na gaba kafin ka sauka bene. Kullum kafin a fara yakan bi bencin baranda yana raba musu waɗannan maganganu a kyauta, ya gyara wa wannan wuyan riga, ya ce wa waccan ta sha ruwa.

Wata Asabar da safe, Inna Ƙarama, matarsa, tana guga a falo rediyo na kunne, sai ga muryar Siriri a wani shiri na ba matasa shawara. Mai gabatarwa ta tambaye shi sirrin nasararsa.

"To, ni dai abin da na gano da kaina tun ina yaro," in ji Siriri, "shi ne ɗan wasa ya saurari mutum. In ka ji abin da aka faɗa maka da gaske, amsar da ƙafarta za ta zo."

Baba Ƙarami ya dire kofin shayi har ya fantsama a tabarma.

"Da kansa! Kin ji? Da kansa ya gano!"

"Na ji, Baban 'Yan Biyu."

"Mutumin da sai da na koya masa inda zai sa hannuwansa! Da takalmina fa ya je!"

"Takalmin nan dai, ko a lahira sai ya ba da shaida," in ji ta, ba ta ko ɗago daga guga ba.

Kafin shirin ya ƙare Siriri ya kawo ta sabon takalmi, ya kawo ta rufi, ya kawo ta mai riƙe fitila, mai gabatarwa tana ta faɗin kai, wannan hikima. Baba Ƙarami bai kashe rediyon ba. Ya tsaya a kansa har ƙarshe, yana jira ko sau ɗaya a ce wani ne ya koya masa. Ba a ce ba.

Kishin nan ya daɗe tare da shi har ya zama kamar ɗan gida. Da aka kafa wani ƙaton allon tallan sabulu mai fuskar Siriri a babbar mahaɗa, Baba Ƙarami ya canza hanyar zuwa aiki, ya gwammace ya ƙara tafiyar minti ashirin. Sabulun kuwa aka haramta shi a gidan. Inna Ƙarama takan saya ta cire kwalin tun a shago. Ya san adadin motocin Siriri fiye da Siririn. Amma duk fim ɗin da ya fito sai ya kalla, shi kaɗai in yara sun tafi makaranta, leɓensa na motsi yana gyara masa. "Ka yi sauri, ɗan banza. Da ka ɗan dakata a nan." In kuwa suka haɗu sai su rungume juna, Siriri ya ce "Malamina!" da ƙarfi a inda ba kowa, ya ce "Mai Amsa" a inda ake da jama'a.

Shekaru suka ja. Aka sauke allon sabulu aka sa wani yaro mai gyararren gemu. Siriri ya shekara biyu ba a kira shi aiki ba. Wata rana suka yi kiciɓis a asibiti, Baba Ƙarami ya je a duba masa ido, Siriri ya ja shi gefe ya rage murya.

"Kunnen nan na hagu ya tafi, abokina. Ko ganga aka buga ba na ji. Kai kaɗai na gaya wa, ko a gida ba su sani ba. In 'yan fim suka ji, tawa ta ƙare."

Baba Ƙarami ya ce Allah ya sawwaƙe, kuma har zuciyarsa ya faɗa. Sai dai maganar ta samu wuri a kansa ta kwanta.

Bayan wata huɗu kamfanin ya samu sabuwar darakta, matashiya, wadda shi ya taɓa karanta mata a baya lokacin da take son fitowa a fim. Baba take ce masa. Ta kira shi ofis ta ce za su yi wasa mai kashi arba'in, a kan wani tsohon shugaban makaranta da 'ya'yansa ke son raba shi da gidan da ya gina. Tsohon shi ne ginshiƙin labarin.

"Baba, ina so ka gwada. Da gaske nake."

Ya dafa tebur. "Ni da wa?"

"Ku biyu ne kawai. Kai da abokinka Siriri. Ka karanta masa, ya karanta maka."

Mako uku ya yi yana shiri. Inna Ƙarama ce ke riƙe masa takarda, tana karanta maganar 'yar tsohon kamar mai karanta takardar magani, ya yi ta faɗa, ita kuma ta yi ta dariya. Ya aske gemu ya bar furfura. Ya fito da tsohon takalmi ya goge. Shekarunsa hamsin da uku, ya san ba za a sake buɗe masa irin wannan ƙofa ba. Kuma ya san wani abu da ba ya cikin shuɗin littafi: mai karatu yana iya ɗaga mutum, yana kuma iya nutsar da shi ba wanda ya gani. Ka yi sauri kaɗan, ka haɗiye ƙarshen magana, ka ƙi ɗaga ido. Shekara ashirin da shida bai taɓa yi wa ɗan kowa ba.

Ranar gwaji ya riga kowa zuwa. Ɗakin kamar kullum: baƙin labule a bango, fanka mai ƙara, alamar tef a ƙasa inda ɗan wasa zai tsaya. Kujerarsa tana inda take tun fil azal, ta hannun daman mai tsayuwa. Ya ɗauke ta ya zagaya da ita ɗaya gefen.

"Mai Amsa, yau ka yi ƙaura ne?" in ji mai kyamara.

"Fankar nan ce ke sa ni mura."

Siriri ya shigo da babbar riga da ƙamshin turare, ya gaisa da kowa, ya tsaya a kan tef. Sai da ya juyo neman abokinsa ya ga inda kujerar take. Ya kalle ta, ya kalli Baba Ƙarami.

Wurin da aka zaɓa shi ne inda 'yar tsohon ke gaya masa sun riga sun yi magana da mai sayen gida. Darakta ta ce a fara. Baba Ƙarami ya sunkuyar da kai cikin takarda ya karanta ƙasa-ƙasa, da sauri, ƙarshen maganar ya ɓace cikin ƙarar fanka.

Siriri ya yi tsaye. Ya karkato kai yana neman maganar da kunnen dama.

"Na'am?"

Babu na'am a takarda. Baba Ƙarami ya wuce layi na gaba, ya ƙara rage murya. Siriri ya bar kan tef ya matso taku ɗaya, ya kafa wa bakin abokinsa ido yana ƙoƙarin karanta leɓe. Babbar muryar nan da aka san shi da ita ta gudu. Hannunsa ya kama gefen riga yana murzawa. Ya buɗe baki, layin ya ƙi zuwa, bai kalli rufi ba, ya kalli wanda ke gabansa kamar yadda aka koya masa a bayan shagon kafinta.

"Ƙara faɗa, 'yata," ya ce a hankali. "Ban ji ba. Ko kuwa na ji ne, ba na so in ji."

Wannan ma ba ta cikin takarda. A nan ne Baba Ƙarami ya ɗago, ya ga yarinyar da ke rubuta wa darakta bayanai tana goge ido da bayan hannu, ya ga mai kyamara ya matso da hoto kan fuskar Siriri, ya ga darakta ta dafe baki. Tsoho mai girma da duniya ta fara yi wa magana ƙasa-ƙasa, yana kokawa kada a gane, ai shi ake nema tun farko. Shi da kansa ya ƙera shi ya miƙa musu. Ya so ya ɗaga murya a gyara, ya ga in ya ɗaga ma sai dai ya ƙara masa kyau.

"Ya isa," in ji darakta.

Aka zo kan Baba Ƙarami. Siriri ya karɓi takarda ya zauna, kujerar ta yi ƙara kamar za ta nemi agaji. Bai yi mugunta ba, iyakar abin da ya iya ya yi: ya karanta maganar yarinya da muryar mai jawabi a filin taro, yana satar kallon kyamara. Baba Ƙarami bai manta ko harafi ba. Ya saurara, ya amsa, komai daidai.

"Baba, shigo ciki, kana fita daga hoto," in ji mai kyamara.

Ya dawo kan tef. Layi uku, jikinsa ya sake zamewa gefe.

"Baba, ka sake fita."

Shekara ashirin da shida yana kauce wa kyamara don kada inuwarsa ta ɓata wa wani, jiki ya riga ya haddace. Duk inda ya kamata ya cika ɗakin, sai ya rage murya ya bar wa abokin magana fili. Darakta ta yi masa godiya da ladabi mai yawa, irin ladabin da ya sha ganin ana yi wa waɗanda ba za a kira ba.

A kan bene Siriri ya cim masa, yana haki.

"Tsaya mana, ka san gwiwar ba ta da kirki." Ya dafa bango. "Kai kaɗai na gaya wa zancen kunnen nan."

"Na sani."

"Ba fanka ba ce."

"Ba ita ba ce."

Siriri ya jinjina kai. Baba Ƙarami ya jira zagi, har ya fi son a zage shi.

"Da ni ne a kujerar nan," in ji Siriri, "ban kai shekara biyu ba zan yi maka. Kai ka yi ashirin da shida."

"Maganganuna kake rabawa a rediyo. Ko sau ɗaya bakinka bai taɓa kuskuren kiran sunana ba."

"In na kira, wurinka za su zo. Ni me ya rage mini?" Ya zaro hankici ya goge wuya. "Kai ko tsiya ka tashi yi wa mutum sai ta zame masa alheri. Wallahi abin haushi ne zama abokinka."

"Ni za ka gaya wa haushi?"

Suka sauka tare, ɗaya na riƙe da ƙarfen bene, ɗaya na riƙe da jaka.

Siriri aka ba tsohon. Darakta ta roƙi Baba Ƙarami ya riƙa zuwa wurin ɗauka duk kashi arba'in ɗin, ya zauna ta hagun Siriri ya yi masa irin karatun ranar, don ta ce ba ta san me ya yi ba amma kada ya canza. Ya dawo gida ya gaya wa Inna Ƙarama komai, har da zancen kujera, bai rage ba. Ta kalle shi ta ce, "To Allah ya rufa asiri da ba ka iya mugunta ba, da mun shiga uku." Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. A na uku ya ce zai je.

Kafin a fara ɗauka aka kira gwajin matasan da za su fito 'ya'yan tsohon. Baranda ta cika. Baba Ƙarami na bin benci kamar yadda ya saba, ya tsaya kan wata yarinya da ta ƙanƙame takardarta, yana gaya mata ta cire sabon takalmin nan ta sa silifas ɗin da ke jakarta. Sai mataimakin darakta ya leƙo.

"Tunda Baba zai koma wurin ɗauka, muna neman wanda zai riƙa karanta wa mutane. Wa ya iya karatu a cikinku?"

Yarinyar ta yi wuf za ta ɗaga hannu. Baba Ƙarami ya buge hannun da takardar da ke hannunsa tun bai kai kafaɗa ba.

"Sauke."

"Baba, ai na iya, kuma sai su lura da ni..."

"Za su lura. Sauke, 'yata. Gwaji kika zo, ki shiga ki tsaya a kan tef." Ya juya ga mataimakin. "Je ka nemo ma'aikaci a waje. Na yau ni zan yi."

Ya shiga ya mayar da kujerarsa hannun dama, ya karanta wa yarinyar kamar yadda ya karanta wa Siriri ranar farko. Aka ɗauke ta. Da ya dawo gida ya sa na ƙara layi ɗaya a ƙarshen sabon littafin: ranar da ka je a gwada ka, kada ka riƙe wa kowa takarda sai an gwada ka tukuna.

Asabar ɗin da ta biyo baya Siriri ya sake shiga rediyo. Da aka tambaye shi inda ya koyi sauraro, sai ya ce wani abokinsa ne ya koya masa tun suna yara.

Baba Ƙarami ya juyo ya kalli Inna Ƙarama.

"Wani abokinsa! Kin ji? Wani! Ni ba ni da suna?"

"An dai matsa gaba, Baban 'Yan Biyu."

Ya ja tsaki, ya ƙara wa rediyon murya.